Harafi ɗaya a jikin tikiti, da yadda Inna ta dawo gida a kwance

Ranar da likita ya ce Inna za ta iya hawa jirgi mu koma gida, sati uku ba kaɗan bayan an yi mata aikin gwiwa a Delhi, wallahi kafin in gama cewa alhamdulillahi tunanin kujera ya riga ya faɗo mini a rai. Na san kujerar ikonomi ciki da bai, shekara da shekaru ina zama cikinta zuwa Chaina, na san yadda gwiwar mutum ke tokare bayan kujerar gaba, na san yadda in na gabanka ya kwantar da tashi sai ka rasa inda za ka sa hannunka balle ƙafa. Ni mai lafiya kenan ƙafata kan kumbura har takalmi ya ƙi shiga in munka sauka. To ina ga tsohuwa mai shekara 70 da 'yan kai, da sabon ɗinki a gwiwa, wadda ko a gadon asibiti sai ƙanwata ta tallafe ƙafar kafin ta juya.

Abin da ya fidda mu daga wannan damuwa, wato makin tafiya da kamfanonin jirgi ke tara wa fasinja, shi nike son in ba ku labari, don na san a Sakkwato kaɗai akwai mutane da yawa da ke da irin wagga dukiya a ajiye ba su sani ba, wasu kuma tasu ta riga ta ƙone.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan sola nike kawowa, fanel da batir da inbata da fanka mai caji, abin da duk wanda ya taɓa kwana a garin nan cikin watan Afrilu ya san amfaninsa. Na fara bin maigidana zuwa birnin Gwanzo na Chaina a 2016. A lokacin ban san komai ba game da tikiti, ejan ne ke yanka muna, a turo takarda ta WhatsApp, mu buga ta a shagon kwamfuta mu kama hanya. Wani lokaci mu tashi daga filin jirgi na Sultan Abubakar III zuwa Abuja, wani lokaci mu bi mota ta Gusau da Funtuwa da Zariya mu tashi daga Kano. Tafiya ce mai cin jiki, kafin ka ga otal ɗinka a Chaina ka yi kusan kwana biyu ba ka miƙe bayanka yadda ya kamata ba.

Sai a 2019 wani bawan Allah ɗan Kano da munka zauna kusa da juna a filin jirgi muna jiran canji ya tambaye ni mil nawa na tara. Na ce wane irin mil? Ya dube ni ya ce, tun yaushe kake wannan hanya? Na ce shekara uku kenan, sau biyu ko uku duk shekara. Ya yi salati. Shi ya zaunar da ni ya buɗe wayarsa ya nuna mini, cewa kusan duk babban kamfanin jirgi yana da tsarin da yake ba fasinja maki a kan kowace tafiya, suna kiransa mil, kuma rajista kyauta ce, ba a biyan ko sisi. Na Ethiopian sunansa ShebaMiles, na Turkish Miles&Smiles, na Emirates Skywards, na Saudia Alfursan, Air France da KLM suna da Flying Blue, British Airways kuma nasu makin Avios suke ce mishi, wanda Qatar ma ta koma amfani da shi tun 2022. Abin ba sabo ba ne, tun 1981 American Airlines ta fara nata a Amurka, mu ne dai labari bai iso muna ba.

Da na dawo gida na zauna zan yi rajista sai manhajar ta ce ai akwai mai wannan suna da wannan ranar haihuwa. Ashe ejan ɗin da ke yanka muna tikiti ya riga ya buɗe asusu da sunana, amma da imel ɗinsa da lambar wayarsa, duk tafiyar da na yi yana sa lambar a ciki, makin na taruwa, shi kuma yana kashewa. Ban san wa ya yi wa tikiti da su ba. Da na same shi da maganar sai ya ce ai shi ya ɗauka ba na buƙata, tunda ban taɓa tambaya ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don makin kaɗai ba, mutum ne da nike ba shi fasfona in tafi in bar mishi. Maigidana ya ce in bar maganar, hakki ne ba ya ɓacewa, na bari, amma daga ranar ban sake ba shi aiki ba. Sai da na aika wa kamfanin hoton fasfo sannan anka maida asusun kan imel ɗina, babu komai ciki sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka abu na farko da nike gaya wa duk wanda ya zo shago yana tambayata shi ne, buɗe asusunka da hannunka, da imel ɗinka, faswod kuma kar ka ba kowa. Ejan lamba kawai yake buƙata. Sannan ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, don wannan matsala ce tamu ta musamman, mutum ɗaya a katin banki Muhammad, a fasfo Mohammed, a gida Muhammadu ko Mamman, wani kuma sunan garinsu ne a matsayin sunan ƙarshe. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, in sunan asusu bai yi daidai da na tikiti ba makin ba zai shiga ba.

To yanzu ga gundarin maganar, wanda ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi, kuma shi ne inda mafi yawan mutane ke faɗuwa.

Mu a ganinmu jirgi kashi biyu ne ko uku, masu kuɗi a gaba talakawa a baya. Amma a wurin kamfani ikonomi ɗin nan kaɗai an raba shi gida fiye da goma, kowane gida da harafinsa. Kai da wanda ke zaune kusa da kai, abinci ɗaya, bargo ɗaya, kujera iri ɗaya, amma shi tikitinsa Y kai naka wani harafi ne can ƙasa, kuma kuɗin da kunka biya zai iya ninka juna. Harafin nan shina nan rubuce a takardar tikiti, galibi kusa da lambar jirgi da ranar tafiya, ba mu dai duba shi ne. Y shi ne cikakken kuɗin ikonomi a kusan ko'ina, J da C na bizines ne, F na fes kilas, sauran haruffan kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Wanga harafi shi ke yanke hukunci a kan abu uku: ko za ka iya canza rana ba tare da tara mai yawa ba, mil nawa za a ba ka, da kuma ko za a yarda ka ɗaga tikitin zuwa bizines da mil. Tikitin araha wani lokaci rabin nisan tafiyar za a rubuta maka, wani lokaci rubu'i, wani ma babu ko ɗaya. Kuma irinsa ne za ka zo da mil ɗinka cike da asusu a ce maka wannan tikiti ba ya ɗaguwa. Misali British Airways, mafi arahar tikitinsu na ikonomi ba ya karɓar ɗagawa da Avios, kuma ko wanda ke karɓa mataki ɗaya kawai ake hawa, ba a tsallake aji.

Mu kuma ɗabi'armu in munka kira ejan kalma ɗaya ce, nemo mini mafi sauƙi. Ba laifi ba ne, ɗan kasuwa ribarsa daga nan take farawa. Amma ka sani in ka ce haka ka riga ka zaɓi harafin ƙasa. Haka nan tikitin rukuni irin na Umara da ake yanka wa mutum 30 ko 40 lokaci ɗaya, yawanci ba ya ɗaguwa, makinsa ma in akwai kaɗan ne. Jirgin alhazai na hukuma kuwa shata ce, ba ya cikin wannan lissafi sam. Na faɗi haka ne don akwai wani dattijo maƙwabcin shagona da ke zuwa Umara duk azumi, ya ce mini shi ma a duba mishi nasa, na ce ranka shi daɗe sai mun ga irin tikitin da ake yanka maka tukuna. Da munka duba na rukuni ne duka. Bara ya yanki nasa shi kaɗai, ya ƙara kuɗi kaɗan, makin ya shiga.

Wani abu da ya kamata a sani shi ne ƙawance. Manyan kamfanoni sun haɗa kansu gida uku, Star Alliance da anka kafa a 1997, oneworld a 1999, sai SkyTeam a 2000. Cikin masu zuwa ƙasar nan, Ethiopian da Turkish da EgyptAir da Lufthansa duk 'yan Star ne, Qatar da British Airways da Royal Air Maroc 'yan oneworld, Saudia da Air France da KLM da Kenya Airways kuma SkyTeam. Emirates ba ta cikin ko ɗaya. Amfanin sanin wannan, in yau ka bi ta Addis Ababa, gobe ta Alkahira, jibi ta Istanbul, ba sai ka buɗe asusu uku ba, lamba ɗaya za ka riƙa bayarwa duk su zuba a wuri ɗaya. Kuskuren da na ga abokaina na yi kenan, asusu biyar, kowane da ɗan kaɗan, ba wanda ya isa ya yi maka komai, har wa'adinsu ya cika. Gara rijiya ɗaya mai ruwa da biyar masu laka. Amma fa ɗaga tikiti a jirgin wani kamfani da makin wani ya fi tsauri, a tsarin Star yawanci sai tikitin Y ko B ake karɓa, waɗanda su ne mafi tsada a ikonomi. Shi ya sa ni shawarata ka tara a kamfanin da ka fi hawa jirginsa, ka kashe a jirginsa. Kuma jirginmu na cikin gida daga Sakkwato zuwa Abuja ko Legas ba ya shiga wannan asusu, babu kamfanin Najeriya da ke cikin ƙawancen nan uku.

Bayan na gyara asusuna tafiya ɗaya na yi sai korona ta shigo, Chaina ta rufe, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2023. Da anka buɗe kuma sai munka tarar da wata masifar, tikiti ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Masu tafiya a lokacin za su tuna, kuɗin kamfanonin jiragen waje sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, sama da dala miliyan 800, har Emirates ta daina zuwa tun ƙarshen 2022 ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Sauran kamfanonin sai sunka rufe haruffan araha ga masu saye da naira, sunka bar na sama kaɗai. Mun ji jiki, ni kam sai da na rage yawan kayan da zan saro don in cike kuɗin tikiti. Amma ikon Allah, waɗannan tikitoci masu tsada su ne masu ba da cikakken maki. Tafiya uku na yi tsakanin 2023 da farkon 2024, ban ankara ba na buɗe manhaja na ga abin da ya taru ya fi duk abin da na zata. Na so in kashe shi a kaina a tafiya ta gaba, in ɗanɗana abin da ake faɗi, sai wani abu ya ce mini bari tukuna.

Ashe rabon Inna ne.

Gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta, tun tana salla a tsaye ta koma zaune, har ta kai daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda. Da likitoci sunka ce sai an canza gwiwar, 'yan'uwa munka haɗa kuɗi anka yanke shawarar Indiya, ni da ƙanwata za mu raka ta. Wajen yankan tikiti na ce wa sabon ejan ɗina ya ba mu wanda ake iya canza rana, tunda ba wanda ya san ranar da za a sallame mu, kuma na ce ya karanto mini harafin kafin ya yanka. Na duba a shafin kamfanin na ga harafin yana cikin masu ɗaguwa, sannan na ce bismillah. Na kuma tabbatar tikitin na kamfanin ne da kansa, don wani lokaci za a sayar maka da sunan wani kamfani amma jirgin na wani ne, irin wannan ɗaga shi wahala ne. Lambar tikiti mai lamba 13 ce, ukun farko su ke nuna mai tikitin, 071 na Ethiopian ne, 157 Qatar, 235 Turkish, 077 EgyptAir, 065 Saudia. Ba zan faɗi wanda munka bi ba don ba talla nike yi wa kowa ba.

Da za mu tafi ban taɓa makin ba. Inna ta sha wuya a hanyar zuwa, amma na san dawowar ta fi, kuma abin da nike da shi zango ɗaya kawai zai ɗaga wa mutum ɗaya. Nan ma wani abu ne da ba kowa ya sani ba, ɗagawar zango zango ake lissafa ta. In tafiyarka jirgi biyu ce, kowane da nasa farashin, ba wai ka biya sau ɗaya ka zauna gaba har gida ba. Dole ka zaɓa. Ni a ganina asara ce mutum ya ƙona makinsa a tafiyar awa biyu ko uku da rana, abin da za ka samu faranti ne mai kyau da faɗin kujera. A zangon dare mai tsawo ne kujerar gaba ke biyan kuɗinta, inda za ka kwanta ka yi barci na gaske. Sannan ka duba irin jirgin, don ba kowane bizines ne ke zama gado ba. Manyan jirage irin A350 da 787 da 777 su ne galibi kujerunsu ke shimfiɗewa, ƙaramin jirgi irin 737 kuwa yawanci kujera ce mai faɗi da ke ɗan kishingiɗa kawai. A manhaja ana rubuta irin jirgin, kuma in ka buɗe taswirar kujeru za ka gane.

To ranar da likita ya ba mu takardar izinin hawa jirgi, da dare ina zaune a ɗan masaukin da munka kama kusa da asibiti, Inna da ƙanwata sun yi barci, na buɗe manhaja na sa lambar bukin ɗinmu. Babu. Na shiga kamar mai sayen tikiti na ga bizines akwai kujeru a ranar, ana sayarwa da kuɗi, amma na mil babu. Nan na koyi darasi na gaba a aikace. Kujera ta kasance babu kowa a kai daban, kamfani ya sake ta ga masu mil daban. 'Yan kaɗan suke warewa a kowane jirgi, wani jirgin ma ba sa warewa, sai sun ga alamar ba za ta sayu ba sannan su sake ta, wani lokaci saura kwana biyu ko uku a tashi. Lokutan cunkoso kuwa kar ma ka sa rai, kamar goman ƙarshe na azumi a hanyar Jidda, ko Disamba a hanyar Landan, ko Afrilu da Oktoba a hanyar Gwanzo lokacin baje kolin Canton.

Na kira ofishin kamfanin da safe, wata mata ta ɗauka, na yi mata bayani da ɗan Turancina na kasuwa cewa mahaifiyata ce, an yi mata aiki. Ta tambayi lambar asusuna, ta tabbatar mini ana iya kashe makina a kan wani, wanda yawancin kamfanoni sun yarda da shi, wasu dai sai ka riga ka sa sunan mutumin a jerin iyalinka. Sannan ta bi ranaku ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta ce ranar da munka sa babu, washegari babu, amma in za mu ƙara kwana biyu akwai kujera ɗaya. Ɗaya tak. Na yi lissafin kuɗin masauki da abinci na kwana biyu, na ce a canza muna mu uku. Ga amfanin tikitin da ake canza wa rana. Anka cire makin, na biya ɗan bambancin haraji da kati, don galibi mil ba ya biyan haraji, sai ga sabon tikitin Inna ya shigo imel da wani harafi daban. Na daɗe ina kallonsa. A wayar nan kuma na roƙi keken da za a tura ta a filin jirgi, wanda kyauta ne amma ana so ka faɗa tun saura kamar kwana biyu.

Inna ba ta so ba da farko. Da na gaya mata ita za ta zauna gaba mu muna baya sai ta ce, a'a, ni ba ni zama cikin mutanen da ban jin maganarsu, ku bar ni inda kuke. Na ce Inna ƙafarki ce, can kujerar kwanciya takai kamar gado, kuma labule ɗaya ne tsakaninmu. Ta ce kuɗɗi nawa ka ɓata? Na ce ban ɓata ba, ladan tahiye-tahiyen da nike yi ne kamfani ya ba ni. Ta yi shiru, sannan ta ce to in dai ba bashi ka ci ba.

Na samu takarda na rubuta da manyan haruffa, na ba ma'aikaciyar jirgin da ta tarbe mu a ƙofa: ba ta jin Turanci, ba ta shan giya ko abin da anka haɗa da ita, tana son shayi da madara da ruwan ɗumi, an yi mata aiki a gwiwar dama, in tana son ban ɗaki a kira 'yarta a kujera lamba kaza. Maganar giya da gangan na sa, don a bizines da ka zauna ake zagayowa da tire na abin sha, lemo da ruwa da giya duk a kofuna masu kama da juna, wanda bai sani ba zai iya miƙa hannu. Saudia da EgyptAir ba sa raba giya, amma sauran da yawa suna yi, saboda haka in za ka sa tsohonka a gaba shi kaɗai ka yi wannan tanadi. Matar ta karanta, ta dafa ƙirjinta, ta ce in kwantar da hankalina.

Bayan an tashi an ci abinci an rage fitilu, na taso daga can baya na leƙa ta labule. Sun shimfiɗe mata kujerar, sun sa filo biyu ƙarƙashin ƙafar, safar nan mai matsewa da likita ya ce ta sa saboda daskarewar jini tana ƙafarta, an lulluɓe ta da bargo har wuya, carbinta na naɗe a hannu, tana barci har bakinta ya ɗan buɗe. Tun ranar da anka yi aikin ban ga ta yi barci irin wannan ba. Na tsaya nan riƙe da labule ban san hawaye na zubo mini ba sai da ma'aikaciyar ta miƙo mini tishu. Sau biyu anka zo anka kira ƙanwata cikin daren, ta kama ta zuwa ban ɗaki, ta ɗan taka a tsakanin kujeru kamar yadda likita ya ce, ta koma ta kwanta. Da asuba ta yi sallarta a zaune.

Zango na biyu a ikonomi munka yi shi mu duka, da rana, na samar mata kujerar bakin hanya ta ɓangaren da za ta iya miƙe ƙafar. Ta ji jiki amma da sauƙi tunda ta samu barci.

Akwai 'yan abubuwan da zan ƙara don kar wani ya karanta wannan ya ruga. Kafin ka sayi tikiti mai tsada don kawai ka ɗaga shi, yi lissafi irin na kasuwa. Bambancin kuɗi tsakanin harafin araha da harafin da ke ɗaguwa wani lokaci yana da yawa har ya kusa kai rabin kuɗin bizines ɗin kansa, ga shi kuma ba tabbas za a sake kujerar. In ba a sake ba ka biya tsada a banza. Wani lokaci ya fi maka ka ci gaba da tarawa har ya isa cikakken tikitin kyauta, wani lokaci kuma kamfanin da kansa zai turo maka tayin ɗagawa da kuɗi saura 'yan kwanaki ko a wurin awon kaya, ka gwada ka gani wanne ya fi. Mu abin ya zo muna daidai ne saboda dama tikiti mai canza rana muke buƙata. Maganar kaya kuma, 'yan kasuwa na yawan tambayata, a ikonomi jaka kilo 23 ce a bizines 32, amma ka tambaya kafin ka cika jaka, don ba kowane kamfani ke ba wanda ya hau da mil ƙarin kilo ba, musamman in zango ɗaya ya ɗaga. Makin da za a rubuta maka a tafiyar ma na tikitin da ka saya ne da kuɗi, ba na kujerar da ka zauna ba.

Kuma mil yana mutuwa. Na Emirates da Turkish wajen shekara uku ne, na British Airways in asusu ya yi wata 36 ba shiga ba fita sai ya tafi. Ka riƙa leƙawa. In ka yi tafiya ka manta ba ka ba da lamba ba, kar ka yar da bodin fas ɗinka, wato takardar shiga jirgi, ana iya nema daga baya cikin 'yan watanni, ni yanzu duk nawa a cikin jakar fasfo nike tara su sai na ga sun shiga. Masu tallar sayar da mil a WhatsApp da Facebook kuwa ka yi nesa da su, dokar kamfanonin ta hana, in sunka gane za su iya rufe asusun su soke tikitin kana tsaye a filin jirgi. Sannan in maigidanka ne ko ofis ke biya maka tikiti, ni dai a raina na fi samun natsuwa da mutum ya faɗa musu yana tara makin, ko da kamfanin jirgi sunan matafiyi ya sani. Ni na tambayi maigidana tun farko, ya ce jikinka ne ke shan wahalar, riƙe abinka.

Yanzu Inna tana zuwa har gidan maƙwabta ba sanda, ranar Juma'ar da ta wuce ma ita ta taka da kanta zuwa bakin titi ta tari mai nono. Amma gwiwar hagun ta fara ciwo, likitan dama ya gaya muna za a zo nan, ya ce a ba ta shekara ɗaya ko biyu. Asusuna ya koma kusan babu komai bayan waccan tafiyar, na yi Gwanzo sau biyu tun daga nan, kuma yanzu ko ejan ya ce ga mai sauƙi sai na ce karanto mini harafin tukuna. A lissafina in Allah ya kai mu na yi tafiya biyu nan gaba, zai isa in ɗaga mata zango biyun duka a dawowa. Ƙanwata ma na buɗe mata nata asusun tun a Delhi, na tafiyar Indiya sun shiga.